Giorgio Morandi, Mai Zanen Tsofaffin Kwalabe

A cikin mutanen da suka yi suna a ƙasar Italiya wajen sana'ar zane akwai wani wanda ya kamata masu karatu su ji labarinsa, tun ba malaman makaranta ba, domin shi ma malami ne, ya shekara 42 yana koyarwa. Sunansa Giorgio Morandi, sunan nan nasa na fari kuwa a kan faɗe shi kamar Jorjo. Italiya ƙasa ce ta gwanayen zane tun zamanin da, waɗanda suka cika bangon majami'u da na fadodi da siffofin sarakuna da mayaƙa da dawaki. Shi kuwa wannan bawan Allah sai ya tattara tsofaffin kwalabe da gwangwanaye da butoci, irin waɗanda uwargida kan zubar in ta gaji da su, ya jera su bisa tebur, ya yi ta zana su har kimanin shekara 50. An raina aikinsa, an kuma zarge shi, amma kafin ya bar duniya sai da ƙasashe nesa da tasa suka riƙa ba shi kyautar girmamawa. Yadda haka ta auku shi ne abin da za mu bayyana yau.

Irin wannan zane na kayan da ba su motsi mutanen Italiya suna kiransa natura morta, watau halitta matacciya. Tun da daɗewa masanan Turai sun jera zane daraja daraja. Wanda ya nuna labarin tarihi ko na addini shi ne a sama, sa'an nan hoton mutum, sa'an nan na dabbobi da na ƙasa da itatuwa, zanen kayan tebur kuwa shi ne kurar baya. Kun ga ashe Morandi ya zaɓi reshen da ya fi kowane ƙasƙanci a idon masana, ya ba shi ransa duka.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haife shi ran 20 ga watan Yuli, 1890, a Bolonya, wani tsohon birni da ke arewacin Italiya, wanda a ke lissafin kafuwar jami'arsa tun daga 1088. Sunan ubansa Andrea, mai harkar ciniki ne, uwarsa kuwa Maria Maccaferri. Shi ne ɗan fari. Yana da ƙane guda, Giuseppe, wanda ya rasu tun yana yaro, da ƙanne mata uku, Anna da Dina da Maria Teresa. Ya ɗan taɓa aiki a ofishin ubansa, amma da aka ga hankalinsa ba ya can, sai aka bar shi ya shiga Makarantar Koyon Zane ta Bolonya cikin 1907.

Cikin 1909 uban ya rasu, Morandi bai cika shekara 20 ba, ya zama shi kaɗai ne namiji a gidan. Suka tashi suka koma wani gida a titin Fondazza. A nan ya zauna da uwarsa da ƙannensa har iyakar ransa. Bai yi aure ba, su ma ƙannen nasa uku babu wadda ta yi.

A makaranta ya fara da kyau ƙwarai, amma a shekarun ƙarshe sai ya riƙa samun saɓani da malamansa, don ya hango wani abu a waje wanda ba su koyarwa. Ya sami hotunan ayyukan wani Bafaranshe, Paul Cézanne, a cikin littafi, ko da ya ke baƙi da fari ne ba launi, ya yi ta nazarinsu. Wurin Cézanne ya gane cewa 'ya'yan itace uku bisa tebur sun isa su ɗauke hankalin mai zane kamar yadda fuskar sarki za ta ɗauke shi. Cikin 1910 ya tafi birnin Fulorans ya ga aikin magabatan ƙasarsu, su Giotto da Masaccio da Uccello, ya ga yadda su ke tsayar da siffa da nauyinta ba tare da tarkacen ado ba. Ya gama makaranta cikin 1913. Yawancin abin da ya zana a ƙuruciya shi da kansa ya lalata, don bai gamsu da shi ba.

MALAMIN ELEMENTARE

A zamanin nan samarin Italiya sun rungumi wata sabuwar aƙida ta zane wadda ke yabon injuna da gudu da ƙara, har shugabanninta suna kira a rushe gidajen ajiye kayan tarihi. Morandi ya ɗan kusance su. Cikin watan Maris na 1914 shi da abokansa huɗu suka baje ayyukansu a masaukin baƙi na Baglioni a Bolonya. Amma halinsa da nasu ba ɗaya ba ne, bai jima ba ya janye jiki.

A wannan shekara hukumar birnin ta ɗauke shi aikin koyar da zane a makarantun elementare, ya riƙe aikin nan har 1929. Da albashin nan ya ke taimakon gida, ya sayi fenti, in an tashi daga makaranta ya koma ɗakinsa ya kama nasa aiki. Da Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Farko cikin 1915 aka kira shi soja, aka tura shi Parma. Bai cika wata biyu ba ciwo mai tsanani ya kama shi, aka sallame shi.

Cikin 1918 da 1919 ya bi salon wasu gwanaye biyu, Carlo Carrà da Giorgio de Chirico, masu zana abubuwa kamar a mafarki, wata mujalla ta birnin Rum mai suna Valori Plastici ta buga hotunan aikinsa. Daga nan sunansa ya fara fita. Amma wajen 1920 sai ya bar wannan ma, ya koma wa kwalabensa, bai sāke barinsu ba.

ƊAKINSA DA KAYAN AIKINSA

Ɗakin da ya ke aiki shi ne ɗakin kwanansa, ɗan ƙarami ne, kuma sai an ratsa ta ɗakin ƙannensa kafin a shige shi. Akwai ɗan gado jikin bango, da taga mai duban tsakar gida, sauran wurin duk kaya ne: kwalabe dogaye da gajeru, gwangwanayen Ovaltine, butoci, tuluna, kwanonin tangaran, finjalai, mazurari, tsofaffin fitilu, da akwatunan kwali. Waɗansu na gidan ne, waɗansu ya saye su da 'yan kuɗi kaɗan wurin masu sayar da tsofaffin kaya, waɗansu kuwa ya sa maƙerin gwangwani ya ƙera masa yadda ya ke so.

Kwalba ba ta shiga zane sai ya shirya ta. Ya kan ɓamɓare takardar da ke jikinta don kada rubutu ya ja ido. Ya kan shafe ta da fenti ta waje, ko ya tsiyaya fentin a cikinta ya jujjuya, domin ya kashe ƙyallin gilashi. Ƙura kuwa in ta sauka bisa kayan ba ya son a share, don ita ke sa haske ya kwanta a jikinsu lumui, ba ya tsalle. Duk wanda ya taɓa kallon tsohuwar ƙwarya wadda hannu ya daɗe yana shafa, ya gwada ta da sabon kwanon sha mai walƙiya, zai gane abin da Morandi ke nema.

Yana da tebura masu tsawo daban daban, don wani lokaci ya dubi kaya daga sama, wani lokaci daidai da idonsa, shi kuwa dogon mutum ne ƙwarai. Ya kan shimfiɗa takarda bisa tebur, in ya ajiye kwalba ya zagaye gindinta da fensir, don in an gusar da ita ya san inda za ta koma. Takardun nan suna nan har yanzu, cike da da'irori bisa da'irori. Jera kayan ya fi zanen cin lokaci. Ya kan yi kwanaki yana matsar da buta ɗan yatsa guda, ya ja da baya ya duba, ya sāke matsar da ita. In jeri ya yi masa, sai ya zana shi cikin ɗan lokaci da buroshi, a kan ɗan ƙyalle wanda galibi faɗinsa bai wuce ƙafa ɗaya da rabi ba.

Launukansa masu sanyi ne, fari fari, da toka toka, da ruwan ƙasa, da rawaya mai duhu, jefi jefi ɗan shuɗi. Mai gaggawa in ya ga zanensa 10 sai ya ce duk ɗaya ne. Wanda ya tsaya kuwa zai ga a wannan kwalabe sun matsu kamar masu jin sanyi, a wancan ɗaya ta ware gefe, a wani kuma inuwar da ke tsakanin buta da gwangwani ta yi kauri har ta zama kamar wani kaya na uku. Abin da ya ke bincike shi ne yadda ido ke raba abu da abin da ke kusa da shi, da yadda launi ke sākewa in an sāke masa maƙwabci. Tambaya ce wadda ba ta ƙarewa, shi ya sa kaya ƙalilan suka ishe shi shekaru masu yawa.

Ban da kwalabe ya zana furanni, sau da yawa na siliki ko busassu, don ba su yanƙwanewa kafin ya gama. Ya zana tsakar gidan Fondazza ta tagarsa, ya kuma zana tuddai da rumbunan wani ƙauye mai suna Grizzana, cikin duwatsun kudu da Bolonya, inda ya fara zuwa hutu cikin 1913. Hoton mutum kaɗan ƙwarai ya yi.

ZANEN TAGULLA

Akwai wata sana'a ta biyu da ya ƙware a kai, watau zanen tagulla. Ga yadda a ke yinsa. A kan sami farantin tagulla shimfiɗaɗɗe a shafe shi da kaki, sa'an nan a yi zane bisa kakin da allura, ko'ina allura ta bi sai ƙarfe ya bayyana. Sai a tsoma farantin cikin ruwan asid mai cin ƙarfe, ya ci wuraren da aka buɗe ya bar inda kaki ya rufe. A wanke kakin, a shafa tawada ta shiga ramukan, a goge saman, a ɗora takarda mai laima a matse da inji, zane ya fito. Faranti guda ya kan ba da takardu da yawa.

Morandi ya fara wannan cikin 1912, babu wanda ya koya masa, sai tsofaffin littattafai da nazarin aikin Rembrandt na ƙasar Holan. Da layuka ƙanana masu gilma juna kaɗai ya ke fitar da haske da inuwa, inda ya ke son duhu ya matsa su, inda ya ke son haske ya buɗa. Saboda sunan da ya yi, cikin 1930 aka naɗa shi babban malamin zanen tagulla a makarantar da ya yi karatu, ba tare da an sa shi gasa da kowa ba. Ya riƙe kujerar nan har 1956. Abin da ya fi ba ƙarfi wajen koyarwa shi ne aikin hannu, yadda a ke riƙe allura, da yadda a ke auna daɗewar faranti cikin asid.

ZAMANIN MUSOLINI

A nan ne labarin ke da wuyar faɗi, amma tarihi ba ya kyau da ɓoye ɓoye. Musolini ya hau mulkin Italiya cikin 1922, ya danne jam'iyyu da jaridu. Morandi ya yi abota da waɗansu marubuta magoya bayan mulkin nan, masu buga mujallar Il Selvaggio, waɗanda ke yabonsa a kan cewa shi ne ɗan ƙasa na asali wanda baƙin al'adu ba su ɓata ba. Cikin 1928 ya rubuta ɗan taƙaitaccen tarihin kansa a wata jaridar jam'iyyar Musolini ta Bolonya, L'Assalto, a ciki ya bayyana amincewarsa da tafiyar. Abokansa masu faɗa a ji kuwa sun taimaka wajen samun kujerar nan ta 1930.

Ta ɗaya gefen, bai taɓa zana Musolini ba, bai zana soja ko tuta ba, alhali abin da masu mulki suka fi so ke nan. Masu zafin ra'ayi cikinsu suka riƙa sukarsa, suna ganin ƙasa na shirin yaƙi shi yana fama da kwalabe. Cikin 1939, a babban baje kolin zane na birnin Rum, aka ba shi ɗaki guda shi kaɗai ya rataye zane 42 na fenti, amma da aka zo rabon kyauta sai aka ba shi ta biyu, ta ɗaya aka ba Bruno Saetti. Gardama ta tashi a jaridu, waɗansu na ganin an tauye shi, waɗansu na ganin ko ta biyun ma ta yi masa yawa.

Cikin watan Mayu na 1943 'yan sanda suka zo gidan Fondazza suka tafi da shi, saboda hulɗarsa da wani masanin zane, Carlo Ludovico Ragghianti, wanda ke cikin masu yaƙi da mulkin a ɓoye. Ya yi kamar mako guda a kurkuku, abokai suka sa baki aka sake shi. Da jiragen sama suka matsa wa Bolonya da bom, sai ya kwashe iyalinsa suka koma Grizzana, ya yi ta zana tuddai. Yaƙin ya biyo su har can, suka komo birni cikin 1944. Ba da jimawa ba, daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba na shekarar, sojan Jamus suka kashe farar hula kimanin 770 a ƙauyukan yankin nan, yawancinsu mata da yara da tsofaffi.

Har yau masana ba su daina muhawara kan wannan zamani nasa ba. Waɗansu sun ɗauki shirunsa da kwalabensa a kan ƙin bin masu mulki ne cikin hikima. Waɗansu kuwa sun nuna takardun da ke tabbatar da ya ci moriyar mulkin. A ganinmu duka biyu gaskiya ne. Mutum ne mai son a bar shi ya yi aikinsa, ya kuwa biya wa wannan bukata farashin da bai kamata a manta da shi ba. Gwaninta ba ta wanke mutum daga abin da ya sa wa hannu, kuskurensa kuma bai rage kyan abin da ya zana ba.

SUNA BAYAN YAƘI

Tun cikin 1934 wani babban masani, Roberto Longhi, ya tsaya gaban taro a Jami'ar Bolonya ya lissafa Morandi cikin mafifitan masu zane na Italiya da ke raye, mutanen garin suka yi mamaki, don ba su ɗauki malamin nan mai tafiya a ƙasa bakin kome ba. Bayan yaƙi duniya ta gaskata shi. Cikin 1948 ya ci kyautar zane a babban baje kolin birnin Benis. A Sao Paulo ta ƙasar Birazil ya ci kyautar zanen tagulla cikin 1953, sa'an nan babbar kyautar zanen fenti cikin 1957. Birnin Siegen na Jamus ya ba shi kyautar Rubens cikin 1962. Har a sinima an nuna aikinsa rataye a bango, cikin fim ɗin La Dolce Vita na Federico Fellini, na 1960.

Duk wannan bai sāke masa zama ba. Uwarsa ta rasu cikin 1950, ya ci gaba da zama da ƙannensa a ɗakin nan nasa. Tafiya ƙasashen waje ba ta dame shi ba, ko da ya ke cikin 1956 ya je Winterthur ta ƙasar Suwizalan inda aka baje ayyukansa. Ya ƙi tsawwala kuɗin zanensa, masu saye sai su jira layi ya zo kansu, ko da ya san waɗansu za su sayar su ci riba ninki ba ninki. Abin da ya yi wa kansa na jin daɗi shi ne ɗan gida da ya gina a Grizzana wajen 1960.

Kada a zaci mai sanyin hali ne ta kowace fuska. Yana da tsanani ƙwarai kan yadda a ke ba da labarinsa. Wani abokinsa na shekaru, Francesco Arcangeli, ya rubuta littafi guda a kansa, Morandi ya karanta bai yarda da fassarar da aka yi wa aikinsa ba, ya ƙi amincewa da littafin, abota ta lalace. Littafin ya fito cikin 1964.

Mutum ne mai shan taba ƙwarai, ciwon daji ya kama masa huhu. Ya rasu a gidan Fondazza ran 18 ga watan Yuni, 1964, saura wata guda ya cika shekara 74. Aka binne shi a maƙabartar Certosa ta Bolonya, wurin iyayensa. Ya bar zane na fenti kimanin 1,350, da na tagulla fiye da 130.

ABIN DA YA BARI

Cikin 1985 aka ƙara sunansa a sunan ƙauyen nan, ya zama Grizzana Morandi. Autarsu Maria Teresa ta ba birnin Bolonya kyautar ayyukansa masu yawa, da su aka buɗe gidan tarihi mai sunansa cikin 1993. Cikin 2008 aka yi babban baje kolin aikinsa a gidan tarihi na Metropolitan da ke New York. Cikin 2009 aka buɗe gidan Fondazza ga masu ziyara, aka mai da kwalaben mazauninsu, a shekarar nan kuma aka rataye zanensa biyu a fadar shugaban Amurka zamanin Obama. Kwalaben da aka saya da 'yan kwabbai yanzu ana tsaronsu bayan gilashi.

Mu da ke aikin horon malamai akwai abin da za mu ɗauka a nan. Sau da yawa malami kan tsallake darasin zane da hujjar babu kayan aiki, ko kuwa ya zana mota bisa allo ya ce yara su kwafa. To, ga mutumin da ya kai ƙarshen wannan sana'a da abin da ke cikin kowane gida. Buta ɗaya da ƙwarya da ludayi bisa tebur kusa da taga sun isa darasi na wata guda. A ce wa yaro ya duba ta ina haske ya faɗo, ina inuwa ta kwanta, wanne ya fi tsawo, wanne ya tare wani, gobe a juya butar a sāke tambayarsa. Yaron da ya koyi duban buta har ya ga abin da ke gabansa, ba abin da ya ke zato ba, shi ne zai iya duban taswira, da ma'auni, da ganyen shuka mai ciwo, ya faɗi gaskiyar abin da ya gani. Morandi ya shekara 15 yana koya wa 'yan elementare wannan kafin duniya ta san sunansa. Allah ya ba malamanmu irin wannan haƙuri.